Yadda Ake Yi wa Sigarin Lantarki Lagwani da Abin da ke Cikin Ɗaka

Ni Gado na Kore Mairuwa, ban taɓa shiga lakwal, makarantar boko, ba, amma na wuce fari biyu, sanƙarau guda, na faɗa rijiya a Dogon Kiriya na fito da ƙafata. Ɗana Abdussalamu ya kawo mini sigarin lantarki daga Kotonu don in bar taba. Cikinsa akwai ƴar waya naɗaɗɗiya, cikin wayar akwai auduga mai tsotsar ruwan ƙamshi. Audugar ta ƙone, Kotonu da nisa. Ka bi ni daki-daki, na lamunce maka hayaƙin da zai rufe rumfa.

1. Ka guji lagwanin fitila

Shi na fara gwadawa. Kwana ukku ina gyatsar kananzir. Da wani ne, da tuni an yi mishi sadakar bakwai.

2. Ka guji audugar rimi ta matashin kai

Ba ta shan ruwa, wuta take sha. Gashin baki kuwa, a shekarunmu, ba ya gaggawar dawowa.

3. Kada ka je farmasi

Audugarsu na da kyau, an ce. Amma mai sayarwa ƙanen surukina ne, kafin ka kai gida an san Dattijo Gado na tsotsar batir.

4. Ka buɗe akwatin uwargida

Duk gidan dattijon kirki akwai likkafani a ajiye. Namu biyu ne, nawa da na matata Altine, ita ta saye su da hannunta, ta naɗe da turare. Farin alawayyo, auduga zalla, ba rini. Ka yanki faɗin yatsa biyu daga gefen ƙafa. Mamaci bai taɓa ƙorafin sanyin ƙafa ba.

5. Tafasa, shanya, murza

Ka zare zaren, ka tafasa shi a butar shayi har sitacin ya fita, ka shanya inda ba a gani. Ka murza a cinya kamar mai igiya, ka zura cikin wayar. In ya matse, ƙauri. In ya yi sakwa-sakwa, ruwa zai tsarto maka a harshe. Ka datse bakin, ka jiƙa shi sosai kafin ka danna.

6. In naka ya fara gajarta, ka musanya

Yatsa biyu duk Juma'a, lissafi na tafiya. Altine gajera ce, ni dogo. Sai na maida nawa ragagge wurin nata, na ɗauki nata cikakke na ci gaba da yanka. Duk wata ukku haka. Na yi mamakin albarkar yadin nan: kullum na koma musanya, na tarar da nata bai ragu ba.

7. Kada ka raina mace mai allura

Ranar kasuwa na dawo na iske ta shimfiɗa su a tabarma, ɗaya har ƙasa, ɗaya kamar ɗankwali.

Ta ce, "Mai gida, wanga na wa ne?"

Na ce, "Ɓera ya yi ɓarna."

"Ɓera mai almakashi? Nawa akwai jan zare ga kusurwa. Kana musanyawa, ina maidawa. Shekara guda ke nan kana shan naka."

Ta gwada mini shi a jiki. Daga wuya zuwa cibiya.

Na ce Abdussalamu zai aiko da sabon likkafani. Ta ce, "To kai za ka gaya mishi inda tsohon ya tafi."

Na zauna na yi nazari, na yanke shawara: ba zan mutu ba. Na saba.

Wanda ya bi wannan hanya ya ƙone leɓe, ko ya yi tari, ko aka rufe shi gwiwa a waje, kada a aiko gidana. Ni abin da na yi na faɗa, ban ce kai ma Gado ne ba.