Yadda Za Ka Saɓule Fuskarka Kafin Gaisuwar Surukai

Kai mai kuraje, matso. In ka bi matakan nan, na yi maka alkawari surukanka ba za su taɓa manta fuskarka ba. Abokina Wilfred, mai lodi a wata masana'anta a Kudenda, ya gwada kwana biyar kafin ya je gaida iyayen budurwarsa Vivian a Unguwar Boro.

1. Saurari mai kemis da kunne ɗaya

Anti Adaeze, mai kemis a Sabon Tasha, ta miƙa masa man kuraje, tiretinoyin. Ta ce, "Oga Wilfred, kamar ƙwayar wake za ka shafa, ba kullum ba. Kar ka haɗa da asid, ka guji rana. Sai wajen sati shida za ka ga canji." Ya ce to. Kai ma ka ce to. Sati shida na marasa budurwa ne.

2. Ƙara asid

Ƙanwarsa Tracy na da ruwan asid na goge fuska. Ya goge da shi, ya laɓta man a kai, cikin cokali guda. Magani biyu ai sun fi ɗaya, ko ba ka je makaranta ba ka san wannan lissafin.

3. In ya yi zafi, yana aiki ne

Tracy ta ce, "Broda, fuskarka ta zama kilishi fa." Ya ce hassada ce, ya ƙara.

4. Shiga rana

Yi lodinka tsakar rana, ba hula. Zufa za ta ƙarasa aikin.

5. Je gaisuwa

Ranar Asabar ya durƙusa cikin sabon kaftani, fata na zuba a kafaɗarsa kamar dusa. Murmushi ma ya gagara. Maman Vivian ta ruga neman man kaɗanya, Vivian ta shige kicin. Babanta ya gyara tabarau, ya daɗe yana kallonsa.

"Ɗana, wa za mu ba 'yarmu? Wannan mai fita, ko na ƙasan mai shigowa?"

"Baba, magani ne."

"To, je ka warke mu ga wanda ya rage. Ka dawo bayan sati shida."

Sanarwa: ni dai rakiya na yi, ledar lemo na riƙe. Duk wanda fuskarsa ta bi iska, kar ya neme ni a unguwarmu Mahuta. Gara ya koma wurin Anti Adaeze, da kunnuwa biyu.