Yadda Za Ki Ɓuya a Gidan Suna Bayan Lamba 720,720

Ke 'yar'uwa mai tsoron taro, wadda da an ce "zo ki gaida mutane" sai ki fara neman wurin ɓuya: bi matakan nan, na yi miki alkawari za ki samu lungunki da littafinki har a watse. Na gwada da kaina a sunan ɗan yayana a Jahun. Rubutuna na farko ke nan, a yi haƙuri da ni.

1. Zaɓi lambarki tun a mota
Kada ki ɗauki ƙarama, kowa ya san goma. Tsakanin Dutse da Jahun na haddace 720,720. Ko faɗinta kawai yana cin numfashi biyu.

2. San halinta
Cika ce, ba mara ba. Raba ta biyu, uku, bakwai, sha ɗaya, har sha shida, ko ɗaya ba zai yi saura ba. Lambobi ɗari biyu da arba'in ne ke raba ta daidai. Masana sun tabbatar, wato ni, cewa ba mai jure jin lissafinsu har zuwa ta goma.

3. Jira tambaya
Za ta zo. Ni matar kawuna ce ta fara: "Ummi, kin rame. Karatun ne ko tunanin wani?"

Sunkuyar da kai ki ce, "Inna, kin san in aka raba 720,720 gida sha uku..."

"A'uzubillahi! Bari in duba tukunya."

Ta tafi. Haka na kori mutum huɗu kafin azahar.

4. Kada nasara ta ruɗe ki
A nan na yi kuskure. Goggo Zuwaira, yayar babanmu, tana gefe tana gyara goro, ashe kunnenta na kaina.

"Ke, ta wajena. Lambar taki ba ta barin saura, kika ce?"

"E, Goggo, har sha shida."

"Madalla. Shekara talatin ina rabon naman suna ana zagina. Yau Allah ya kawo mai ilimi. Tashi."

5. Tambayi gida nawa ne tukuna
Ni sai da aka zaunar da ni tsakiyar tsakar gida, daron soyayyen nama a gabana, mata sun kewaye ni, sannan na tambaya.

"Sha bakwai," in ji Goggo.

"Goggo, sha bakwai ba ta shiga. Biyar ke saura."

"Sai ki faɗa wa danginmu mutanen Aujara da bakinki, ga su nan. Kuma a kula, bara ƙashi aka kai musu."

Sanarwa
Marubuciyar nan ba ta da hannu a duk abin da ya biyo baya. Wadda ta samu ƙashi ta nemi Goggo. Wadda aka naɗa mai rabon naman dangi ta dindindin kamar ni kuwa, ta zo mu zauna tare; akwai wani sunan ranar Asabar, gida sha tara.