Suwic Ɗin da Ya Tona Mini Asiri

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na so in burge Alhaji, patoron (wato maigidan) kamfanin fiton kaya da nake wa aikin rezo, wato haɗin kwamfutoci, a Malanbil. Lokacin na dawo daga koyo a Kwatano, kaina ya kumbura, ko gaisuwa sai na haɗa da Faransanci.

Na tsara suwic ɗinmu (akwatunan da ke haɗa kwamfutocin ofis) yadda suke koya wa juna tsari da kansu. Ƙa'idarsu ɗaya ce: wanda aka fi yi wa gyara shi ne sabo, sauran su kwafe nasa ba musu.

Ranar Alhaji ya yi baƙi daga Gaya, ya ce in nuna musu abin a babban allo. Kamiyoyin albasa kuma, manyan motocin kaya, na bakin gadar iyaka suna jiran takardun duwan, wato kwastan, daga ofishinmu. Don in ƙara armashi, na ɗauko tsohon suwic da nake gwaji da shi a gida.

"Ku duba, Alhaji, jonawa kawai zan yi, shi zai koyi komai."

Na jona. Ashe nawa ne ya fi shan gyara (kullum ina taɓa shi), sai shi ya zama malamin. Nan take rezo ya ɗauke, sunayen sassan ofis suka goge, waɗanda na raɗa a gida don nishaɗi suka hau allo: Sashen Barci, Sashen Gulma. A wurin ofishin patoro kuwa, Alhaji Marowaci.

Baƙin nan sun iya karatu sarai. Ɗaya ya kama tarin ƙarya. Ni dai gumi har cikin takalmi, na fara tunanin ko kabu-kabu zan koma.

Alhaji ya gyara tabarau, ya karanta a hankali.

"Yaro, wanga marowacin, a ofis ɗinmu shike?"

"Na'ura ce, Alhaji..."

"To na'urar ta san ni. Maido muna rezo, albasa ba ta jiran kowa."

Na cire tsohon suwic ɗin na gyara, kamiyoyi suka wuce. Bai kore ni ba, amma har yau in zai ba ni goro sai ya ce a shaida.

Yanzu kowane suwic sai na wanke shi tas kafin in jona. Zagin maigida kuma a baki nake barinsa, can ƙasa-ƙasa.