Yadda Ake Kurmantar da Kwamfutar Mutane

Ma'aruf ɗan gidan Kalilu mai faci, kai ka kurmantar mini da kwamfuta, kuma duk unguwar Mazoji sai ta ji.

Ni ce Maiturare mai keken zane. Ban yi boko ba, ni ke faɗa, 'yata Siddiƙa ke rubutawa. Kekena ba ya jin umarnin kowa sai na tsohuwar Windos ɗin nan da ake kira XP. Kwamfutata ta mutu, na sayi wata, na kira Ma'aruf ya zuba mata tsohuwar. Ga gyale arba'in na ankon bikin Ummukulsum a Mai'adua, ranar Juma'a za a karɓa, uku kacal na zana kafin waccan ta mutu.

Kai mai karatu, in kana son ƙwarewa irin tasa, bi matakan nan. Na tsaya maka, ba sa kuskure. A kaina aka gwada su.

1. Ka zo da jaka

Babba, mai zif barkatai. Faifan Windos ɗaya ne a ciki da tsumman goge takalmi, amma wa zai leƙa? Kada ka waiwaya sai an ce "Injiniya".

2. Ka danna F5 kana kallon masu gida

Ka saka faifan, da allo ya yi shuɗi, danna maɓallin, jerin sunaye zai fito. Siddiƙa ta yi mini bayani daga baya: a nan ake zaɓa wa Windos tafinta, wanda zai tsaya tsakaninta da ƙarafan kwamfuta. Kowane ƙarfe da tafintan da ke jin yarensa. In ka naɗe hannu, ita da kanta takan ɗauki wanda ya dace. To amma wa zai kira ka Injiniya in ka naɗe hannu?

3. Kada ka binciki ƙarfen

Na yaushe ne? Ƙwaƙwalwarsa ɗaya ce ko biyu? Wannan tambayar masu koyo ce. Ma'aruf ko murfi bai buɗe ba.

4. Ka zaɓa da ladabi

Nemi wanda ya fi kowa tsufa a jerin. Na ce, "Ɗan nan, me ya sa sai wannan?" Ya ce, "Inna, ai ba a haɗa tsohuwa da yaro. Sa'anta za mu ba ta." Wallahi har albarka na sa masa! Ashe ƙarfe ake dubawa, ba shekarun Windos ba. Mahaifina ya yi fatauci har Agadas, bai taɓa ɗaukar tafinta don furfura ba.

5. Kowace cuta ka kira ta tarbiyya

An ce ta mutu, ta ƙi, ta rubuta wani abu ta tsaya tana kallona? "Izini take jira, Inna." Ƙwaƙwalwa biyu gare ta, ɗaya ke aiki? "Ɗayar hutawa take." An jona keke, ta yi kamar ba ta san da shi ba? "Kunya ce, ba su saba ba." Yau kwana huɗu, ko gaisawa ba su yi ba.

6. Ka ci tuwo, ka tafi Baure

Kada ka bar faifan a baya, don gyaran sai an sake zubi daga farko. Duk wanda ya kira ka, babu sabis. Haulatu uwar amarya kuwa sabis ɗinta garau, jiya sau tara ta kira ni. Shekara ashirin ban taɓa saɓa wa biki rana ba.

Wanda duk ya bi matakan nan aka biyo shi da muciya, ba ruwan Maiturare. Ban san shi ba, ban aike shi ba.

Kai kuma Ma'aruf, na gaya wa Kalilu, na gaya wa mai unguwa. Gobe Laraba da hantsi ka zo da faifan nan, ka saka, ka naɗe hannayenka Windos ta zaɓi tafintanta. In ka ƙi, ga allura, ga zare, ga gyale talatin da bakwai suna jiran ka. Kuma kai za ka tsaya gaban Haulatu, da bakinka, ka gaya mata kunya ce.