Alkamar Damina

Wata uku na yi ina rubuta labarin wasu halittu da suka sauko fadamar Haɗeja daga wata duniya. Har nisan taurari na bincika. Na tara 'yan gidanmu ina karantawa, ina hura hanci. Da na zo inda jirginsu ya dira gonar alkama cikin ruwan Agusta, sai Kawu, tsohon manomin rani, ya ɗaga hannu.

"Ɗana, masu ido uku na yarda, Allah mai iko ne. Amma alkama da damina, inda kwalekwale ke yawo?"

Kamar ƙasa ta tsage in shige. Har yau in hadari ya haɗo, sai Kawu ya aiko a tambayi marubuci ko alkamarsa ta isa girbi.