Ranar da Na Je Yi wa Alhaji Rasaki Wankin Babban Bargo

Ko da tsufa zai kwashe mini komai, ba zan taɓa mantawa da wata Asabar ta tsakiyar damina ba.

Ni mai awon hatsi ne a kasuwar Funtua. Karatuna bai yi nisa ba, amma a ƙwallo ba a gaya mini komai. Akwai ƙungiyar unguwarmu da nake bi tun ina da gashi a ka. Ba ta cikin kowane babban rukuni, rediyo bai san da ita ba, kuma rabon da ta ci wasa biyu a jere har na manta. Duk da haka tamu ce.

Mai ƙungiyar shi ne Alhaji Rasaki, Bayarabe haifaffen Funtua, mai sayar da kayan gyaran babur. Shi ke sayen riguna, shi ke zuba mai a mota. Matsalarsa ɗaya: ba ya magana. A sallami koci, sai dai mu ga sabuwar fuska a bakin fili. A sayar mana da ɗan gaba, sai mu gan shi cikin rigar abokan hamayya yana zura mana ƙwallo. Ka tare Alhaji a shago, ya ce, "Za a duba," ya ci gaba da jera fulogi. (Wannan "za a duba" ta fi hawan jini illa a jikina.)

Ranar muna da wasa a Malumfashi. Na sa wankakkiyar shaddata zan fita, na ga maiɗakina Hinde ta ɗora babbar tukunya irin ta suna. Ta ce, "Baban Abba, tsaya ka ji wata magana."

Na ce, "Bayan wasa."

Dama abin da nake gaya mata ke nan tun farkon damina, duk lokacin da ta kawo zancen ciwon ƙafar mahaifinta da gonarsa da ciyawa ta cinye.

Muka cika bas da masoya, muka isa Malumfashi. Fili fayau, sai awaki. Wani mai rake ya dube mu da tausayi ya ce, "Ai an ɗage wasan tun shekaranjiya. Ba a gaya muku ba?"

Abokina Sale mai faci ya kira Alhaji, waya na ta ringi ba a ɗauka. Ya juyo ya ce, "Kai ne mai baki. Yau ka gaya masa gaskiya, muna bayanka." Na buga ƙirji na ce ko gaban hakimi ne.

A hanyar dawowa, ba mu yi nisa ba direba ya taka birki. Ga motar ƙungiyarmu ajiye a gefen titi, kuma ana jin ganga daga cikin gonaki. Muka bi sawun.

Jama'a, na sha ganin gayya a rayuwata, amma ban taɓa ganin irin wannan ba. 'Yan wasanmu kaf, cikin jajayen rigunansu, sun jeru kafaɗa da kafaɗa a cikin masara. Ganga ta buga, garemani su tashi tare, rana ta haska bakinsu, su sauka tare har ƙasa ta amsa a ƙafafuna. Yaran da ba sa iya haɗa fas uku a fili, ga su suna tafiya kamar mutum ɗaya. Mai tsaron gidanmu, wanda ƙwallo ke wucewa ta tsakanin ƙafafunsa, ko tsinken ciyawa bai tsere masa ba. Bayansu ƙasa ta juye baƙa wuluk, sai ƙamshi. A ƙarshen layi ga Alhaji Rasaki da tumbinsa, ya naɗe wando, laka har gwiwa. Na tsaya ina kallo.

Da na tsaya a nan, da na tsira. Sai Sale ya zungure ni. "To? Ko ka tsorata?"

Na tako gaba, na buɗe muryar da nake kiran farashi da ita a kasuwa.

"Alhaji! Ashe 'yan ƙwadago ka ɗauka ba 'yan ƙwallo ba! Mu ka bar mu muna kallon awaki, kai kana nan kana cika rumbu!"

Ganga ta tsaya.

"In kuma ba gonarka ba ce, ta wane ne? Mai ita ba shi da 'ya'ya? Ba shi da surukai? Wane irin malalacin suruki ne zai bar gona ta zama daji haka?"

Daga gindin wata ɗorawa na ji an yi tari. Wani dattijo na kishingiɗe a tabarma, ƙafarsa naɗe da tsumma. Kusa da shi mata na sauke kwanonin tuwo, kuma na gane tukunyar kafin na gane mai ita.

Dattijon ya ce, "Sannu da zuwa, Baban Abba. Yau ka gano hanya?"

Surukina ne. Gonar da ya saya tun kafin a haifi Abba, ban taɓa taka ta ba, shi ya sa ban gane ta ba. (Ashe a gidansa mahaifin Alhaji ya fara sauka da ya zo daga kudu. Wannan ma Hinde ta taɓa gaya mini, ina sauraren sharhin wasa.)

Na durƙusa a gabansa. Na waiga neman masu "muna bayanka", na ga Sale ya duƙufa yana duba ganyen masara kamar malamin gona. Hinde ko kallona ba ta yi ba.

Alhaji Rasaki ya tako, ya share gumi. Na ce a raina yau zan ji jawabin da muka daɗe muna nema. Garmarsa kawai ya miƙo mini.

Haka na shiga layi da shaddata. Ganga ta ɗauka, yaran suka wuce ni kamar iska, mai tsaron gida na waiwayowa yana cewa, "Baba, ka matsa gaba mana! Ka buɗe ido!" Kalmomin da nake jifansa da su ne duk mako. Kwana biyu ban miƙe daidai ba.

Alhaji dai bai canja ba. Jiya ma an sauya koci ba mu sani ba, kuma ina nan kan bakana cewa ya kamata ya riƙa yi mana bayani. Amma yanzu in na sa takalmi Hinde ta ce in tsaya in ji, cire shi nake yi in zauna.