Rasuwar Sakayau, Allon Farko

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannuwa masu warin fetur har yanzu, Mai Allo yake sanar da abokan sana'a da maƙwabta rasuwar Sakayau, allon kumfar roba na farko da ya fito lafiya daga mazubin shagonsa. Ya yi shekara shida da wata huɗu a duniya.

Kafinta ya ce bai taɓa ganin abin da ya riƙe ƙusa haka ba alhali ba katako ba ne. Direban babbar mota, da ya taka shi sau biyu don gardama, ya ce da ya sauko kunya ce ta kama shi. Tsohuwar da ke sharar layi ta ce ko jikarta na ɗaga shi da yatsa biyu. Marigayin ba mai surutu ba ne. In an sauke masa guduma, “ɗum” kawai yake cewa. In an goga shi da bango ya ce “ƙiiƙ”, shi ke nan.

An haife shi daga garin roba, da zaren tsofaffin buhuna, da hodar da ke sa haɗin ya tashi kamar ƙullu. Shekara shida Mai Allo yana saɓa shi a kafaɗa zuwa wurin masu saye, ya hau kansa ya yi tsalle, ya ce, “Aikin hannuna ne.” Auta, ƙanwarsa, wadda ke auna haɗin, tana tsaye a baya. Ba ta taɓa gyara masa maganar ba.

Rashin lafiyar gajeruwa ce. Wani mai haɗa akwatunan sanyaya kifi ya aiko zai zo ganin samfur. Mai Allo ya hango tabon baƙin mai a gefen marigayin, ya jiƙa tsumma da fetur yadda yake wanke hannunsa kullum. Ba sau ɗaya ba Auta ta ce masa, “Yaya, ruwa da sabulu. Kada fetur ya kusance shi.” Yana goga tabon, fetur ɗin ya bi ta wani gefe da aka taɓa yankewa. Marigayin ya ce “tsss”, ya lotsa, ya zama danƙo.

Da ma'aikata suka taru, Mai Allo ya cusa tsumman a aljihu. Ya ce haɗin ne da ma yake da rauni, ya dubi Auta. Ta dubi aljihunsa da ya jiƙe, ta rataye abin rufe hancinta a ƙusa, ta fita.

Yau kwana tara ke nan. Mai Allo ya zuba allo goma sha ɗaya da kansa. Wasu sun fito da nauyin ƙofa, wasu suna marmashewa a hannu. Awon yana cikin kan Auta, ita ke sanin lokacin sauke haɗin daga wuta da ƙanshi kawai. Bai taɓa rubuta shi ba, don tambayarta na nufin ya yarda bai sani ba. Mai akwatunan kifi zai zo jibi.

Marigayin ya rasu ya bar mazubi ɗaya, da guduma da ta rasa abokin wasa, da ma'aikata biyar masu iyali, da waɗannan ƙannen goma sha ɗaya da babu mai kama da shi.

Za a yi jana'iza gobe da ƙarfe goma a bayan shago. Ba za a binne shi ba, ƙasa ba ta cin irinsa. Ba za a ƙona shi ba saboda hancin maƙwabta. Abin da fetur ya rage za a niƙa a mayar cikin sabon haɗi, in wadda ta san awon ta yarda ta zo.

Da safiyar yau Mai Allo ya kai wa Auta takardar sanarwar nan har gida. Ta karanta a tsaye, ta ce, “Rubutu ya yi kyau, Yaya. Amma ba a rubuce ka ɗora mini laifin ba.”

Ya koma ya taro ma'aikatan biyar har ƙofarta. Ya daɗe yana murza hularsa, sannan ya ce:

“Ni na sa fetur. Allon kuma naki ne tun ranar farko. Auta, ki yafe mini.”